A mayar da labarin wasannin bidiyo shafin kasuwanci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan cinikin wasannin bidiyo a duniya, batun da aka saba jefawa shafin nishaɗi, alhali kamfanin binciken kasuwa na Newzoo ya ƙiyasta cewa kasuwar ta kai kimanin dala biliyan 184 a 2023, kuma kusan rabin kuɗin daga wasannin wayar hannu suka fito.

Duk da surutun da ake yi kan wasannin harbe-harbe, ba su ne ke kan gaba a yawan saye ba. Minecraft, wanda wasan gine-gine ne, ya haura kwafi miliyan 300 a 2023, Grand Theft Auto V kuma ya wuce miliyan 200 a 2024. Kowane yanki da nasa zaɓin: Japanawa sun fi karkata ga wasannin da ɗan wasa ke shiga rigar jarumi ya bi dogon labari, irin su Pokémon da Dragon Quest, Amurkawa na rububin Call of Duty, a Turai kuwa ƙwallon ƙafa ce ke ja.

Sai dai a ganina ƙidayar kwafi ta daina nuna inda kuɗin suke. Free Fire da PUBG Mobile da Candy Crush kyauta ake sauke su, ribar tana shigowa ne daga ƙananan kayan da ɗan wasa ke saya bayan wasan ya kama shi. Ba banza ba Microsoft ya kashe kusan dala biliyan 69 wajen sayen kamfanin wasanni na Activision Blizzard a 2023, domin kamfanin da ya ƙera Candy Crush yana cikin cinikin.

Mu a nan Jos ma wannan ƙidaya ba ta ganinmu. A gidajen gem na Unguwar Rogo da Titin Bauchi, kwafi ɗaya na FIFA, wanda ya koma EA Sports FC amma samari ba su daina kiransa da tsohon sunan ba, shi ke wadatar da unguwa guda, kowa yana biyan kuɗin zagayensa, mai gida kuma yana lissafin man janareta. A lissafin kamfani, wannan taro duka mai saye ɗaya ne.

Saboda haka ina ba da shawarar ku tura wakilinku na kasuwanci ya zauna da masu waɗannan gidaje, ya tambaye su nawa suke samu a rana, kuma ko wayar hannu ta fara ɗauke musu abokan ciniki.

Naku,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos