Masu lambun gida, a daina ban ruwa da tsakar rana

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu ɗan lambu ko ciyawar ado a tsakar gida, musamman mu nan Birnin Kebbi da rana ba ta wasa da kowa. Shekaranjiya wajen ƙarfe 1 na rana na bi ta wata unguwa na hangi yaro riƙe da tiyo yana ta fesa ruwa bisa ciyawa, ƙasa ta ɗau zafi kamar tanda, kuma na san fetur anka ƙona a janareto kafin ruwan nan ya hau tanki. Wallahi sai na tuna kaina, don ni ma haka na yi ta yi har shekara 2 ina zargin mai sayar da iri.

A watan Afrilu zafin garin nan yana wuce digiri 40, ruwan da ka zuba da azahar kafin ya kai saiwa iska da rana sun sha rabonsu. A ba da ruwa bayan sallar asuba, in ba hali to bayan la'asar sakaliya. Kuma a bar yayyafi kullum kullum ɗin nan, shi ke sa saiwa ta tsaya sama sama tana jiran ka, ranar da wuta ba ta zo ba sai shuka ta langaɓe. Gara ka jiƙa ƙasa sosai ka bar ta kwana biyu. Ni yatsa nake turawa cikin ƙasa, in na ji danshi ban ƙarawa.

Abin da ya fi taimaka mini kuwa ɓuntun shinkafa ne, wanda mu a Kebbi yake zube tsibi tsibi bakin injinan casa har wasu wuta suke sa mai. Na kwaso buhu 3 na shimfiɗa a gindin tumatir da attarugu, kaurin kamar yatsa uku, ban bari ya taɓa jikin karan ba. Da yamma in ka ɗaga shi ka sa hannu ƙasan da sanyinta, ga haki ya ragu. Sai dai a riƙa leƙawa saboda gara, ita duk inda busasshen abu ya kwanta nan take zuwa gaisuwa.

Maganar taki nan ne na sha kashi. Wani maƙwabcina mai kiwon kaji ya ba ni kashin kaji ɗanye, ni kuma da zumuɗi na juye shi duka a kwamin alayyafo da yakuwa, kwana 3 ganyen ya ƙone ƙurmus kamar an watsa mai tafasasshen ruwa, uwargida har yau ba ta daina min dariya ba. Ashe sai an tara shi gefe ana ɗan yayyafa ruwa ana juyawa wata 2 zuwa 3, ya yi baƙi warin ya tafi, sannan. Na awaki da na shanu ma a bari su ruɓe. Takin zamani irin NPK 15-15-15 yana aiki amma ɗan kaɗan, nesa da gindi, a bi shi da ruwa nan take.

Kowace shuka da lokacinta. Tumatir, salak, karas da albasa na sanyi ne, daga Oktoba zuwa Nuwamba ake farawa, ku tambayi mutanen Aliero ku sha labari kan albasa. Tumatir a bazara fure kawai zai yi ta zubarwa. Kuɓewa, yakuwa da rama su kam damina. Zogale in ya kai ƙugu a sare kansa ya yi rassa, in ba haka ba ya miƙe ya fi ƙarfin hannunka.

Ciyawar ado kuma, ni dai na haƙura da mai tsadar nan da ake sayarwa bakin titi, na koma ƙiri-ƙirin da muke raina wa, tana jure fari da takawar yara, ko ta bushe ruwa na sauka za ta farfaɗo. Kar a aske ta ƙwal, kashi ɗaya cikin uku na tsawonta ya isa a yanka ɗaya, da bazara ma a bar ta da ɗan tsawo ta yi wa saiwarta inuwa. Amma a yi mata iyaka da bulo don tana shiga kwami ba sallama.

Ƙwari kuwa dogon yaro na nan ƙofar kowa. A daka 'ya'yansa a jiƙa su kwana, a tace, a ɗan sa sabulu a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Ruwan alwala ni duk gindin gwanda da lemun tsami yake tafiya, na wanki mai bilic ne ban yarda da shi ba.

Abin da ya gagare ni har yau akuyar maƙwabta ce, na sa zana ta ci zanar, yanzu kuɗin wayar shinge nake tarawa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Mai karatunku,
daga Badariya, Birnin Kebbi