A auna kafin a ɗaure toshan a-kori-kura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin masu a-kori-kura da yaran gareji kan wata ɗabi'a da ke yawaita da zarar damina ta ci hanya, wato ɗaga gaban mota ta hanyar ɗaure notin toshan (sandar ƙarfen da ke ɗauke da nauyin gaban) iya ƙarfi, ba awo ba komai. Mai mota ya ga gaba ya tashi kamar raƙumi, ya biya yana murna. Ba a jima ba taya ta cinye ta gefe ɗaya, robar shaf (sandar da ke juya taya) ta yage, bol-joyin (gaɓar da taya ke juyawa a kai idan an murɗa sitiyari) ya fara ƙwanƙwasa.

Maganar ta fi shafar motocin da gabansu ke kan sandar toshan: Hilux irin ta kafin 2005, Nissan D21 da D22, da tsohuwar Mitsubishi L200. Sandar nan ita ce sifirin. Kanta ɗaya yana jikin hannun ƙafa, wato ƙarfen da ke haɗa taya da shasi, ɗayan yana baya a jikin shasi, inda wani dogon noti ke murɗa ta. A ɗaure shi mota ta tashi, a sassauta ta sauka.

Awo shi ne farkon aiki. A tsayar da mota a daɓe mai lebur, ba kaya a baya, mai faci ya daidaita iskar tayoyi da geji. A danna gaban sau uku ko huɗu, a ɗan tura ta gaba a dawo da ita, don ƙafa ta zauna yadda take a hanya. Sai a sa tef daga tsakiyar wili zuwa bakin bodin da ke saman taya. Kada a auna daga ƙasa, domin tayar da ta ci ko mai ƙarancin iska za ta yi maka ƙarya. A rubuta na kusurwa huɗu duka. In bambancin hagu da dama bai kai milimita 10 ba, ni dai ina ganin a ƙyale ta.

Dalilin auna baya kuwa, motar da ta saba ɗaukar buhuna a gefe ɗaya sifirinta na baya kan kwanta, ko ganye ɗaya, wato falle ɗaya na sifirin, ya karye a ɓoye. Idan bayan hagu ya sauka, gaban dama ne zai ɗago. Bakanike ya bi gaba yana ɗaurewa yana sassautawa, alhali ciwon yana can baya.

Bayan haka a duba ƙafar kanta. A ɗaga da jak, a sa madogari mai ƙarfi a ƙarƙashin shasi, ba bulo ba. A kama taya sama da ƙasa a girgiza: motsi a nan bol-joyin ne ko boris. A kama ta gefe da gefe: wannan tayarod ne, sandar da ke haɗa taya da sitiyari. A sa ƙarfe a ɗan banƙara hannun ƙafa a ga ko bushi, wato robar da ke mahaɗarsa da shasi, ya tsage. Shok kuma ba shi ke riƙe tsayin mota ba, aikinsa hana tsalle, don haka canza shi ba zai ɗago gaban da ya sauka ba.

Sai an gama wannan a taɓa toshan. A wanke zaren notin, a shafa mai, a yi alama da alli. Gaba yana ɗage, don a rage wa zaren nauyi, a kwance notin kulle, a juya zagaye ɗaya ko biyu ana ƙirgawa. A sauke, a zaga da motar, a sake awo. Aiki ne na ɗagawa da saukewa sau da dama, shi ya sa masu gaggawa ke tsallake shi. Tsayin da ake nema shi ne wanda littafin motar ya faɗa. Wanda ya nace sai ya ƙara, kada ya wuce inci ɗaya, kuma ya leƙa robar da ke tsayar da hannun ƙafa idan taya ta faɗa rami. In hannun ya riga ya zauna a kanta, ƙafa ba ta da sauran wurin sauka, kowane rami bol-joyin ne zai sha shi. A mai ja da ƙafa huɗu kuma shaf zai karkace sosai, robarsa ta riƙa gogar kanta har ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga.

Sandar hagu ba ta zuwa dama, akwai alamar L da R a kansu. Mai saye a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ya duba wannan, ya kuma guji wadda tsatsa ta ci ko ta sha guduma, domin daga ƙaramin tabo take karyewa. Ba a gasa ta, ba a yi mata walda.

Hilux ta 2005 zuwa yau kuwa sifirin naɗe gare ta a gaba, ba notin ɗagawa. In ya gaji a canza biyun tare, da abin matse sifirin na gaske.

Duk wanda ya taɓa tsayin gaba ya sauya zaman taya, don haka daga gareji sai wurin alaimen, inda ake daidaita zaman tayoyi. Idan an canza bushi, a ƙarasa ɗaure notinsa bayan mota ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri.

Naka,
Bakanike mai gyaran ƙafar mota, Kano