Wasiƙa Zuwa ga Auta Kafin a Kai Ta Ɗakinta

Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum Auta,

Gida ya cika da 'yan biki, ko'ina na juya sai an kira ni, kuma na san magana a takarda ta fi shigar ki. Shi ya sa na zauna bayan sallar asuba ina rubuta miki.

Jiya na ji gwaggonki tana cewa amarya ta rame, a dafa mata kaza, a ɗura mata kunun gyaɗa. Na ga kin sunkuyar da kai kina murza bakin mayafinki, sai gabana ya faɗi. Rabona da ganin wannan murzar tun kina 'yar shekara 14, da aka dawo mana da ke daga makarantar kwana sanye da rigar sanyi a tsakiyar zafin Maris, ƙasan akwatinki cike da gutsattsarin burodi duk sun yi funfuna. An auna taifot, an auna olsa, an yi ruƙiya, wasu suka ce sammu ne. Sai da muka kwashe wata takwas kafin likitarki ta kira ciwon da sunansa: anoreksiya, ciwon da ke sa mutum ya hana kansa abinci don tsoron ƙiba, ko da ƙashi da fata ya rage.

Tambayar da ta yi mini ranar ita ce har yau take dawo mini. Ta ce, yaya kike tun kina ƙarama? Na ce ai ke ba ki yarda miya ta taɓa tuwo, yauƙin kuɓewa amai yake sa ki, idan maƙwabta suka tayar da janareta sai ki toshe kunne ki shige bayan ƙyaure. Yini guda kina jera murafun kwalba, wanda ya goce ɗaya ya jawo kuka. Mu taurin kai muka ɗauke shi, ni kaina na sha zane ki a kai, Allah ya yafe mini. Ta ce yunwa kaɗai tana iya sa tunanin mutum ya ƙage, shi ya sa take tambayar abin da ya riga yunwar. Waɗannan halaye, in ji ta, ɗabi'un otizim ne, abin da wasu ke ce wa galahanga, kuma tun 1983 wani likita ɗan Suwidin, Christopher Gillberg, ya yi zargin akwai alaƙa tsakaninsu da wannan ciwo.

A birninsu, Gotenbag, an bi matasa 51 da suka kamu da anoreksiya tun suna 'yan makaranta, har tsawon shekara 30. Babu wanda ya rasu a cikinsu, kuma 64 cikin ɗari sun warke sarai. Wannan shi na riƙa faɗa wa Abbanki a dararen da ba ma barci. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, a matsakaici kowannensu ya yi kusan shekara goma yana fama. Da aka duba su a shekara ta 18, kashi 12 ne ke da sauran ciwon. A shekara ta 30 kuwa sun kai 19. Wato ciwon yakan yi lamɓo ya dawo. Kuma masu ɗabi'u irin naki su suka fi jin jiki wajen zama da mutane da riƙe aiki.

Ban kawo miki wannan don in tsorata ki ba. Shekara shida ke nan kina cin abincinki, alhamdu lillahi. Amma ke sauyi ne ke girgiza ki, aure kuwa sauyi ne daga gadon kwana har ƙamshin miya.

Don haka ki zaunar da mijinki tun satin farko, ki faɗa masa komai. Ki ce masa ƙarfe takwas, ƙarfe biyu da bayan magariba kike cin abinci, ko yana gida ko ba ya gida. Idan surukarki ta aiko da abin da ba ki iya haɗiyewa, ki karɓa ki yi godiya, ki dafa naki ki ci. Kada kunya ta sa ki kwana da yunwa. Sikelin awo kada ya shigo miki gida. Azumin Litinin da Alhamis kuwa, ni da ke mun san yadda ya taɓa zama mafaka, har muna yaba miki ibada ba mu sani ba. Ko na Ramadan sai kin ji ta bakin likita, haka ma idan Allah ya kawo rabo.

Ranar ganin likitarki a Barnawa kada ta wuce ki don gudun abin da dangin miji za su ce. In babu mai raka ki, ki kira ni, Keke Napep ɗaya ne tsakaninmu.

Farantin nan naki mai gida uku, wanda yayarki ta ce a bar shi don ya tsufa, na wanke shi na naɗe a tsohon zanena. Yana ƙasan akwati na biyu, ƙarƙashin zannuwan gado.

Taki,
Umma