Sashen gaggawa ma kiwon lafiyar al'umma ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu taɓo wani ɓangare da ake yawan tsallakewa. Da an ce lafiyar al'umma, hankali kan tafi kan rigakafi da tsabtar ruwa, agajin gaggawa kuwa sai in kuɗi sun yi rara. Alhali tun 2019 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin cewa ƙasashe su gina tsarinsa, kuma alƙaluman hukumar sun nuna haɗarin hanya kaɗai na cin rayuka kimanin miliyan 1.19 a shekara.

Aikin tun a wurin da abin ya faru yake farawa. Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, da wuya motar asibiti ta iso a lokacin. Wanda ke kusa shi zai ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ya danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Inda ake kuskure shi ne dannawa sama-sama don tsoron karya haƙarƙari, ko ɓata lokaci wajen yayyafa ruwa da fifita. Mai zubar jini kuma a danne raunin da ƙyalle mai tsabta. Kada a riƙa ɗagawa ana leƙe, gudan jinin da ya fara haɗuwa ɓallewa zai yi. In ƙyallen ya jiƙe, a ɗora wani a kai.

A bakin asibiti, babbar matsala ita ce bin layi. Kamata ya yi ma'aikacin jinya ya tantance kowa tun daga ƙofa, ya ba shi launi gwargwadon tsananin ciwonsa: ja a gan shi nan take, rawaya ya ɗan jira, kore ya bi layi. Mai ihu dai yana numfashi. Yaron da ya yi laƙwas a kafaɗar uwarsa, yana numfashi da ƙyar, shi ne abin tsoro, kuma shi ake mantawa da shi a kan benci ana cewa a yanko kati tukuna. Wasu magungunan ma da agogo suke aiki: allurar tranexamic acid mai rage zubar jini cikin awa 3 da jin rauni take amfani, maganin narkar da gudan jini ga mai shanyewar ɓarin jiki kuwa cikin awa 4 da rabi da fara ciwon, shi ma sai an yi hoton ƙwaƙwalwa.

Sai rajista, wadda ake rainawa. Annobar kwalara ko sanƙarau sau da yawa a sashen gaggawa take fara bayyana. Mutum uku daga yanki ɗaya da amai da gudawa a dare guda, in an rubuta adireshinsu da lokacin zuwansu aka kai rahoto da safe, za a iya gano ruwan da suka sha kafin mako ya zagayo.

Naku,
Wasu ma'aikatan sashen gaggawa