Sanarwa ga Ƴan Rukuni: Tattaunawar Wannan Mako

Assalamu alaikum, ƴan uwa.

Ana sanar da ku cewa tattaunawarmu ta daren Asabar za ta mayar da hankali kan "Wannabe", waƙar rawa da ƙungiyar Spice Girls, ƴan mata biyar daga Ingila, ta fara fitowa da ita a ƙarƙashin kamfanin Virgin. A watan Yulin 1996 waƙar ta shiga kasuwar Birtaniya, inda ta fara da matsayi na uku a jadawalin waƙoƙin da suka fi samun ciniki, sannan ta haye na ɗaya ta riƙe shi har mako bakwai a jere. A farkon 1997 ta tsallaka Amurka, ta jagoranci jadawalin Billboard na tsawon mako huɗu.

Abin da ya sa muka zaɓe ta shi ne, a wancan lokacin ƙungiyoyin samari ne suka mamaye fagen, kuma a ganina muhimmancin da waƙar ta bai wa zumuncin ƙawaye ya taimaka mata fiye da kiɗanta. Muna roƙon kowa ya saurare ta kafin ranar, kuma a guji tura saƙonnin da ba su shafi batun ba.