Wasiƙa Zuwa Ga Auta Kan Dokin Da Zai Saya

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da maigidanka. Mu nan sai godiya, an gama kai amfani gida, harawa ma bana ta yi auki.

Kawunka ya ce mini ka ba da kafin alƙalami a kan wani kili, wato farin doki, wai shi za ka hau a hawan Sallah a Gumel. Na tambaye shi ko ka je ka gan shi, sai ya ce a waya dillali ya turo maka hotonsa, an ɗaura masa sirdi da jalala, an zuba masa kaya har ƙasa. Tun da na ji haka barci ya ƙaurace mini. Kuɗin guminka ne, ba zan hana ka sayen doki ba, gidanmu bai taɓa rabuwa da turke ba. Amma ba a duba doki da kaya a jikinsa.

Ka sa a sauke komai, a bar masa ragama kaɗai, a tsayar da shi a ƙasa mai tauri, don yashi yana binne kofato. Ka ja da baya ka kalle shi ta gefe. Gadon baya ya zama gajere mai ƙarfi, wanda ya yi tsawo ya lotsa ba ya jure sirdi. A jikin akawal, wato baƙin doki, tsohon mikin sirdi yakan bar farin gashi, ido zai gani. A jikin kili fari ne a kan fari, sai ka bi da tafin hannu kafin ka ji tabon. Ƙirji ya zama da faɗi, hanci a buɗe, domin doki ba ya numfashi ta baki. Ka buɗe bakinsa da kanka. Haƙoran gaba na tsakiya suna sakewa a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. In ka ga sauran haƙorin nono, dukushi ne, ƙashinsa bai gama ƙwari ba, ko dillali ya rantse.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tayar mini da hankali ƙafafun gaba ne. Su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, ga sirdi, ga kaya, ga ka a sama. Ka tsaya a gabansa ka duba: daga kafaɗa zuwa tsakiyar gwiwa zuwa tsakiyar kofato, a miƙe ya kamata su sauko. In kofatan sun buɗe waje, yakan bugi ƙafa da 'yar'uwarta in yana gudu, za ka ga tabo ta cikin idon sawu. In ta gefe ka ga gwiwa ta koma baya, ka bar shi ko kyauta ne. Ka durƙusa ka shafa jijiyar bayan ƙwauri daga gwiwa zuwa ƙasa. Ta lafiya a ɗame take kamar tsirkiyar baka, da sanyi. In ka ji ɗumi ko kumburi, ko ya janye ƙafa da ka matsa, magana ta ƙare. Ka ɗaga kofato ka duba tsagewa, ka sansana cikinsa, wari da baƙin ruwa ruɓa ce. Zobban da ke kewaye kofato ma ka ƙirga su. Kofato yakan yi kusan shekara kafin ya sauko daga sama zuwa ƙasa, duk ciwo ko yunwar da dokin ya sha a tsakanin nan tana rubuce a jikinsa.

Sannan a ja shi da sassarfa, ya tafi ya dawo, kai kuma kansa za ka zuba wa ido. Mai ciwon ƙafar gaba yakan ɗaga kai duk sa'ad da ƙafar ta taɓa ƙasa. Ka gan shi da sassafe kafin jikinsa ya yi zafi, ka kuma sake komawa ba tare da an san zuwanka ba, don yanzu akwai allurar da ke ɓoye ɗingishi na yini guda.

Ka san yadda jahi yake. Ka sako sukuwa, ka ja linzami ka yi zamiya a gaban Sarki, dawaki goma na bin bayanka cikin ƙura. Ranar da ƙafar gaba ta ci amanar mahayi, da ka yake zuwa ƙasa, na baya kuma ba sa iya tsayawa. Kai ne kake kai wa Baffanka buta kullum asuba, ka san abin da ya zaunar da shi wuri ɗaya. Shi ne za ka sayi doki a waya? Kai da ka tashi kana sharar barga? Zaman Kano ne ya mantar da kai, ko so kake abokanka su yi ta ɗaukar hotonka a kan farin doki?

Na san har yau kana riƙe da ni a kan akawal ɗin nan da na sayar kana yaro. Mutanen gari sun ce son kuɗi ne, ban tanka wa kowa ba. Ni na shafa jijiyarsa, kai kuma kullum kana bayansa. Da in ɗauke ka a filin idi, gara ka yi fushi da ni.

Ba faɗa nake maka ba, Auta. Sha'awar nan a wurina ka gada, kuma ina so in ga ranar da za ka fito cikin tawagar hakimi ana nuna ka. Ka nemi izinin maigidanka ka zo ran Laraba, Alhamis mu yi sammako zuwa Maigatari. Za mu bi dawakin kasuwar ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba za mu taya ba, kai kana faɗin aibin kowanne ni ina saurare. Daga nan mu wuce mu ga kilin naka. In ƙafarsa lafiya, harawa da dusar shekarar farko a wuyana. In ba haka ba, kuɗin kafin alƙalamin sun tafi, ni zan biya ka.

Innarku ba ta ji zancen ba tukuna, kada ka faɗa mata a waya. Tana gaishe ka, ta ce ka taho mata da man zafin nan na gwiwa. Allah ya yi maka albarka, ya kawo ka lafiya.

Mahaifinka.