Baƙonku ya binne dala da baki kawai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma mai gabatarwa na fi ganin laifinsa fiye da baƙon. Mutum ya zauna yana ta shelar cewa BRICS, ƙungiyar nan ta su Brazil da Rasha da Indiya da Sin da Afirka ta Kudu, ta gama da dala, Amurka ta faɗi warwas, Rasha da Sin kuma su ne gatan raunana, amma ba a tare shi da tambaya ko ɗaya ba. Sai "haka ne, Dakta" da "gaskiya ne, Dakta" har shirin ya ƙare. Wannan hira ce ko wa'azi?

Ni tun zamanin yaƙin cacar baka nake manne da rediyo. Da kunnena na ji shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afganistan a 1979, na ji fitarsu a 1989, na kuma ji rushewar tarayyar kanta a 1991. A lokacin ne Shugaba Bush babba ya yi ta maganar sabon tsarin duniya, mu kuwa muka saki baki muna jiran adalci. Sai ga ɗansa ya afka wa Iraƙi a 2003 ba da yardar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ba, kan makaman ƙare dangi da har yau ba a gano su ba. Don haka kada a ce Amurka nake karewa.

Amma waɗanda Dakta yake wa kirari fa? Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta kutsa Yukren a 2022. Sin ta yi fatali da hukuncin da aka yanke a birnin Hague a 2016 kan rikicinta da Filifin a Tekun Kudancin Sin. Amurka ta sha hawa kujerar naƙi kan tsagaita wuta a Gaza, Rasha ta yi ta hawa tata kan Siriya. Duk kanwar ja ce. Tun 2005 Afirka ke neman kujeru 2 na dindindin a kwamitin nan, ƙasashe 5 ɗin da suke riƙe da shi tun 1945 kowa sai daɗin baki.

BRICS ɗin ma da ake ta ɗagawa sama, Indiya da Sin sun gwabza a kwarin Galwan da ke kan iyakarsu a 2020, sojojin Indiya 20 suka mutu. Masar da Habasha sun shiga ƙungiyar tare a 2024, alhali ba sa ga maciji kan madatsar ruwan Nilu. Su ne za su haɗa kai su buga kuɗi ɗaya? Har gobe fiye da rabin kuɗin ajiyar manyan bankunan duniya da dala yake. Ƙarfin Amurka yana raguwa, wannan kowa ya gani, amma gawar da Dakta ya yi wa sallah tana nan tana yawo.

Abin da ya fi ƙona mini rai, washegari ɗana ya zo yana maimaita mini maganar baƙon nan kalma da kalma, wai ni na tsufa, ban san duniya ta canza ba. Da na tambaye shi ƙasashen da ke cikin BRICS, a na uku ya maƙale. Ku kuka koya masa wannan, domin abin da ya ji a gidanku yake ɗauka yankan wuƙa.

Sannan don Allah ku duba layin wayar shirin nan. Kullum mutanen da muka saba jin muryarsu ne ke samun shiga, su ɓata rabin lokaci suna gaida abokai da surukai, mu masu tambaya layi na ta katsewa. Ku dawo da Dakta, ku haɗa shi da wanda zai ja da shi, ku kuma bar mana layin a buɗe.

Wassalam.
Naku, tsohon mai sauraro.